Babur Ɗin Nan Kore Ne

…kuma wai mai silinda huɗun ya fi laushi, in ji Chalit, ya fi laushi nesa ba kusa ba, sai ka ce ni na ce masa bai fi ba. Tun ɗazu ya ɗare kansa, tumbi kwance bisa tanki, yana murɗa totur ɗin babur ɗin da ba a ko tayar ba. Phi Kanda kuwa ta kafe a kan nata — mai silinda biyu, mara nauyi, wai shi aka yi wa tsaunukan Chiang Mai, ka jefa shi kwana ya bi ba gardama. Asabar ta bakwai ke nan ni da abokan hawana muna zuwa shagon babura na Hia Seng, Niwat ƙanena. Ta bakwai! Da can da kofi mai ƙanƙara yake tarbar mu, yanzu ruwa ne, shi ma sai an tambaya.

Uku ne jere a gabana, duk tsirara. Ba robar da ta lulluɓe su, ba gilashin tare iska, inji a fili, wayoyi a fili. Shuɗin shi ne zaɓin Chalit, ƙarfin doki ɗari da hamsin. Mai ruwan tokan zaɓin Phi Kanda, shuɗin ya ba shi kilo ashirin. Sai jan nan mai silinda uku, wanda kai ka zaɓa min daga kan gadonka — ƙanena da ya shekara biyu bai taka ƙasa da ƙafarsa ba, shi ya fi mu duka sanin nauyin kowane babur a ƙasar nan. Jadawali ka turo min a waya. Nauyi, birki, tsayin kujera, shan mai. Ƙarƙashin jan ka ja layi biyu.

Ja, Niwat? Ni?

Kowace ranar haihuwa da launin da ke jawo mata tsautsayi; ni haihuwar Litinin ne, ja ba nawa ba ne, ka san wannan kamar yadda ka san sunanka. Mae, uwarmu, ba ta taɓa saya min ko jar safa ba. Kai haihuwar Juma'a, baƙi ba naka ba — kuma babur baƙi wuluk ka turo cikin gida ranar nan, kana washe baki, takardar shago tana lilo a madubi. Uwarmu ta dafe ƙirji a bakin ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, ai a lokacin Mae ba ta faɗa. Washegari da sassafe ta sa ka a gaba zuwa haikali, tsohon malami Luang Ta ya ɗiga farin gari a goshin fitila, ya yayyafa ruwa, aka rataya furanni a hannun babur. Ba ta tsaya nan ba, ta biya kasuwa ta sayo sitika. Irin wadda ke bayan rabin a-kori-kurar garin nan, mota fara sol an rubuta wai ja ce, don a ɓatar wa tsautsayi da sawu. A mota ai baya ake manna ta, mai ita ma ba ya gani. To babur tsirara fa, ina bayansa yake? Tanki kaɗai gare shi. Nan ta manna ta, tsakiyar tanki, a karkace, da manyan haruffa ruwan ɗorawa: BABUR ƊIN NAN KORE NE.

"Wirot, kai fa muke jira," in ji Phi Kanda. "Hau ɗaya mana. Ko sai mun ɗauko maka Luang Ta ya yi maka duba?"

"Ƙyale shi, Phi," in ji Chalit. "Ni matata ma Asabar biyu na yi na zaɓe ta."

"Shi ya sa take cizon yatsa har yau, baiwar nan."

Ina dariya. Ina jin bakina yana yin ta, haƙora a waje, yadda ake so. Ina taɓa kujerar shuɗin don a ga ina dubawa. Ya yi faɗi. Ya yi nauyi. Ko kuwa makon jiya shi ne na ce ya yi daidai? Na manta ƙaryar da na yi wa wanne…

Gidan man nan na bakin hanyar Samoeng. Lahadi, ƙarfe bakwai na safe, babura goma sha ɗaya a jere, hawanka na farko da manya. Ni na kawo ka. Ƙanen Wirot, haka suke ce maka, ba su ma riƙe sunanka ba tukun. Ka shiga bayan gida, aka ce a gyara layi za a ɗauki hoto, sai wani ya hango tankinka ya karanta da ƙarfi. Aka kwashe da dariya. "Wirot, innarku ba ta haɗo muku da ƙunshin shinkafa ba?" Shi ke nan fa. Iyakar abin da aka faɗa ke nan, ba zagi, ba komai. Kuma ni, ƙato mai shekara talatin da shida, mai shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mai ma'aikata huɗu — kunya ta rufe ni. Kunyar Mae. Kunyar rubutun da ya karkace. Na sa farce a gefenta. Ba ta ma yi gardama ba, sabuwa ce, gam bai gama kamawa ba. Na dunƙule ta na jefa a kwandon shara kan bawon ayaba.

Ka fito kana goge hannu a wando. Ka ga sawun gam a tanki. Ka dube ni. Me ya sa ba ka ce komai ba? Murmushi kawai ka yi, irin na ƙanen da yake so yayansa ya yi alfahari da shi, ka sa hular kwano.

Minti arba'in da tashinmu, ka faɗi.

Yashi ne. Kowa ya san yashi ne. Ruwan sama ya wanko shi daga gangare ya shimfiɗa a kwana, na koma wurin sau uku, na durƙusa na shafa kwalta da tafin hannuna. Yashi ya san launi ne? Yashi ya iya karatu? Ni mai gyaran inji ne, na san abin da taya ke yi idan ta rasa abin kamawa, ba na bukatar malami ya gaya min. To amma… mu takwas muka wuce kan yashin nan kafin kai. Ni ma na bi ta kai. Tayata ta ɗan yi rawa ta koma. Takwas, Niwat. Me ya sa sai na tara?

Hia Seng yana bayani. Birkin jan ya fi kamawa, in ji shi, yana da na'urar da ke hana taya zamewa a kwana, ita da kanta take rage wuta kafin mutum ya farga. Yana kallona yana faɗa, sai kuma ya tuna ko ni wane ne, ya kawar da kai yana goge madubin da ba ƙura. Kowa yana lallaɓa ni. Ni! Ni ake lallaɓawa, yayan da ya sayar da babur ɗinsa ya koma hawa ƙaramin mashin na zuwa kasuwa saboda tausayin ƙanensa. Kai, mutumin kirki. Har matan unguwa misali suke yi da ni.

Asibiti, kwana na tara. An dawo da babur ɗin gida a bayan mota, kan ya lanƙwashe, tankin kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mae ta zagaya shi sau ɗaya ta taho asibiti ba ta ko sauya takalmi ba. Ta tsaya a gefen gadonka. "Ina sitikata?" Ina tsaye a bayanta da ledar lemo a hannu. Na buɗe baki — na buɗe, na rantse na buɗe — sai ka riga ni. Da muryar nan da ba ta fita sosai. "Ni na cire, Mae. Ta ɓata min tanki."

Sai na rufe bakin. Ya rufu cikin sauƙi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Tun daga ranar Mae ta koyi faɗa. Kullum da safe, idan tana goge maka jiki, ta bangon katako nake jiyo ta. "Da ka ji maganata, ɗan nan. Wane ƙaiƙayi hannunka ya yi? Takarda 'yar wannan, me ta tsare maka? Dubi yayanka, ko sau ɗaya bai taɓa ƙetare maganata ba." Kuka take yi tana faɗa, tana juya ka tana shafa maka mai a baya kada gyambo ya fito. Kai kuma: "Na ji, Mae. Ruwan ya yi zafi, Mae." Ni ina ɗakin gaba ina dunƙula shinkafa ina tsomawa a yaji. Ina haɗiya. Tana wucewa kuwa, ba ta taɓa maƙale min ba.

Na gwada. Kada ka ce ban gwada ba. Bikin sabuwar shekara, ranar da ake zuba wa manya ruwa a hannu a nemi yafiya, na durƙusa gabanta da kwanon ruwan furanni, na zuba, na faɗi abin da kowa ke faɗa — abin da na yi miki da sani da rashin sani, ki yafe. Na ja numfashi zan ɗora. Ta shafa kaina da jiƙaƙƙen hannu. "Kai me ka taɓa yi min, Wirot?" Kana kan kekenka a baranda kana kallo. Ka girgiza min kai, kaɗan, yadda ita ba za ta gani ba. Ko ba girgizawa ka yi ba? Ko ni na so ka girgiza?

"Mai silinda uku shi ne tsaka-tsaki," in ji Chalit, ya sauko yana haki. "Ba laushin huɗu, ba haukan biyu. Kamar kai, ba ka nan ba ka can."

Haka ka rubuta kai ma. Yana da ƙarfi tun daga ƙasa, ka ce, kukansa daban ne. Saya, Phi, ka ce, yadda kake kiran yayanka, na gaji da ƙarar mashin ɗin kasuwar nan, ina so in ji inji na gaske a tsakar gida. Wata bakwai kana turo min hotuna. Ni kuma ina ta kwatantawa — wannan ya fi wancan da doki goma, wancan ya fi wannan da lita biyu — sai ka ce akwai bambancin da zai dame ni. Babu. Kowanne cikinsu ya ishe ni, ya yi min yawa ma. Muddin ina kwatantawa ban saya ba, muddin ban saya ba ban kai gida ba. Ranar da na kai gida kuwa na san abin da zai faru, na gan shi sarai. Mae za ta tafi kasuwa. Za ta dawo da sitika, ta manna a tsakiyar tanki, ta danna da babban yatsa, sannan ta juyo ta dube ka. Yayanka ba zai cire ba, za ta ce. A gabana. A gabanka.

Kuma da na ɗauki shuɗin ko mai ruwan tokan, da ba ta da dalilin zuwa kasuwa. Ba su saɓa wa ranata ba. Ja ne kaɗai… Niwat. Kai da ka haddace nauyin kowane ƙarfe a jikinsu, ka manta ranar da aka haife ni? Ka manta? Yafiya ce kake miƙo min, ka ce hau, Phi, ya wuce? Ko kuwa ka gaji ne? Shekara biyu kana ɗauke da kayana a kan bayan da ba ya ɗaukar kansa, kuma kai ba ka iya cewa sauke min ba, ba ka taɓa iya gaya min magana kai tsaye ba tun kana yaro…

Waya tana rawa a aljihu. Kai ne.

"Phi, kana gabansa? Tayar da shi in ji."

Hia Seng ya riga ya sa makulli. Ina danna maɓalli. Yana tashi, shagon duka yana amsawa, ina jin sa a ƙashin ƙirjina, ina kara wayar kusa da salansa, ina murɗawa sau ɗaya, sau biyu. Kana dariya. Yaushe rabon da in ji wannan dariyar? Ina kashe shi. Sai ga ƙarar bokiti a bayanka, takun silifa, muryar Mae kusa da wayar.

"Wirot ne? Ya samu? Wane launi ne?"

Ina jira. Ai kai kake amsawa. Kullum kai kake riga ni.



Ina jin numfashinka a wayar, a hankali, ba gaggawa. Ba za ka amsa ba. Chalit da Phi Kanda sun zuba min ido, Hia Seng riƙe da biro. Ina neman abin zama, babu, sai kujerar babur ɗin, ina jingina da ita tana da ɗumi.

"Wirot? Kana ji na?"

Ina ji, Mae. Ja ne, Mae. Wannan mai sauƙi ne, kalma ɗaya ce. Ta bayanta ce mai wuya… ta bayanta… na gaji, Niwat, na gaji ƙwarai, kuma bakina a buɗe yake, kuma yau ba wanda zai rufe min shi.