Sunana a Ƙarƙashin Kambi

A masana'antar tangaran da nake aiki, a bayan birnin Faris, mata ba sa zane. Aikinmu guga ne. Faranti ya fito daga tanderu zinariyar bakinsa a dushe, mu yi ta murza ta da ɗan dutse har ta yi walƙiya. Ni kuwa na yi karatu a makarantar da Sarauniya ta buɗe wa 'ya'yan talakawa mata, na kuma san na fi rabin mazan da ke zane a bene iyawa. Ban taɓa ɓoye hakan ba.

Wata shekara aka kai zanen tsofaffin ɗalibai fada, sai saƙo ya dawo cewa Sarauniya na so mai wannan hannun, wato ni, ta zana mata furannin lambunta a farantan cin abinci. Mushe Aubertin (Mushe shi ne Malam a yarenmu), shugaban masu zane, ya ba ni kujera a bene yana cin magani. Na daɗe ina aikin, don launin tangaran sai ya sha wuta ake sanin gaskiyarsa. Da yawa sun ƙone, na sake.

A al'adar gidan, tambarin mai kaya, kambi da harafin sunanta, yana tsakiyar bayan faranti. Mai zane kuma ya sa 'yar alamarsa can gefe. Ni sai na rubuta sunana cikakke, Honorine Vasseur, daf da ƙasan kambin.

"Ke 'yar nan, matsa da shi gefe," in ji Inna Perpetue, wadda ta tsufa a teburin guga. "Mai kwana gindin babbar bishiya shi reshe ke faɗo wa."

"Inna, gefe na masu jin kunyar aikinsu ne."

"To, sannu, Sarauniya ƙarama."

Kafin a kai farantan aka ci mu da yaƙi, Sarauniya ta tsere ƙetaren teku. Sabbin masu mulki suka ce a kankare kowane kambi, a sayar da kayan. Aka mayar da ni ƙasa, teburin guga. Ranar nan Mushe Aubertin ya sauko da kansa, ya jibge farantaina a gabana.

"Ga aikinki ya biyo ki."

"Mushe, a cire kambin, a bar sunan."

"Da me? Dutsen kankarewa ya fi babban yatsana faɗi, kuma bai yi makaranta ba balle ya karanta."

Matan teburin suka yi dariya, ban da Inna.

"To a bar ni in sake rubutawa a gefe."

"Sai ya koma tanderu. Wa zai hura miki wuta? Wadda ta tsaya miki tana can tana shan iskar teku."

Ya juya wani faranti na wani mai zane ya nuna mini. Tsakiyarsa fari fat, 'yar alamar mutumin tana nan a gefe. Nawa kaɗai ne za su fita kasuwa ba mai su, kuma ba wata sheda da za ta sake mayar da ni bene.

Inna ta miƙo hannu. "Kawo in yi miki. Je ki sha iska."

"Ba mai taɓa su sai ni."

Na zauna gaban dutsen kankarewa, mai juyawa in an taka fedarsa da ƙafa. Na ɗauki na farko, mai farin furen wardi. Na karkata shi, na bi kambin da bakin dutsen a hankali, ina riƙe numfashi. Kambin ya tafi, ya tafi da kawunan haruffan sunana. Na biyu na ƙara lallaɓawa, ya tsage gida biyu a hannuna.

"In kika ƙara fasa ɗaya, ƙofa," in ji Mushe daga matakala.

Ban ɗago ba, don kada ya ga idona. Na jawo na uku, na ɗora shi sosai a kan dutsen kamar yadda kowa ke yi, na taka fedar.