Taku Ɗaya, Murdo

…kuma ga shi ka sake cusa rigar cikin wando, bayan na ce maka yanzu ba a yin haka. Bar ta. Ta ma fi yi maka kyau. Tsaya nan kusa da Dougal, kar ka motsa — yauwa, hannunka a kafaɗarsa kamar sauran. Ka san abin da ake yi kuwa, Murdo? Ka san an tashi wasan ɗaya da ɗaya, yanzu fenariti za a buga? Daga nan bakin shinge ba na iya karanta fuskarka. Da kuwa ko ƙeyarka na gani na san abin da ke ranka.

Yayyafin nan ba zai tsaya ba. Shayin filas ya huce, gwiwata ta fara surutunta… Dube ku don Allah. Tsofaffi shida a jere, wannan da sabon ƙugu, wancan da batir a ƙirji, kun haɗa kai kamar duniya za ku ci, alhali kofin bai kai butar shayina ba. Ƙwallon tsofaffi, wadda ba a gudu. Wanda ya yi gudu a busa masa usur. Fenariti ma taku ɗaya ne, ka taka ka buga, in ka ƙara a soke. Ranar da aka fara gaya maka dokar ka yi dariya har da tari — ka ce wannan ai ba ƙwallo ba ce, rakiyar gawa ce. Amma wa ke tashi tun da sassafe kowace Talata yana neman takalminsa? Wa?

Talata kaɗai ta rage maka. Laraba, Alhamis, Lahadi, duk sun narke sun zama rana ɗaya, tun da ciwon mantuwar nan ya shigo mana gida bai yi sallama ba. Amma Talata ka san ta. Ban san ta ina kake shinshino ta ba.

Nasu ya buga. Ta shiga. Namu… Allah sarki, ta shiga ita ma, da ƙyar.

Na tuna Dougal a kicin ɗina, gab da hunturu, hularsa a hannu yana murza ta kamar zai matse ruwa. Abokinka tun kuna satar tuffa, yanzu shi ne kyaftin, kuma ya kasa kallon idona. Wai wancan watan ka manta ka ruga da gudu ka ture wani, saura ƙiris a tafi asibiti. Wai kwamiti ya zauna. "Effie, ba ni ba ne. In ya sake karya doka ranar kofi, ba zan iya tsaya masa ba." Na zuba masa shayi, na yanka masa burodi, na so in kwaɗa masa butar a ka. Ina laifinsa? Babu. Shi ya sa na fi jin haushi.

Sai Morag, 'yarka, mai irin taurin kanka sak. Tana wanke kofuna ta juya mini baya don kar in ga idonta. Ta ce in Talata ta tafi me ya rage, Mama? Ta ce gidan kula da tsofaffin nan na kan tudu yana da kyau, tagoginsa na kallon teku, mu je mu gani kawai. Kawai. Ta ga kwarmin idona, ta ga na rame, gaskiya ta faɗa, kuma na yi mata alkawari — in aka cire ka daga ƙungiyar, zan je in gani. Na yi alkawari, Murdo. Ka ji? Gadon nan namu da ɓangarenka ya lotsa… wa zai kwanta a lotsawar?

To shi ya sa. Shi ya sa duk hunturun nan, ni, Effie, da ban taɓa sanin bambancin bugun kusurwa da fenariti ba sai da na aure ka, na zama gola.

Turakun shanya biyu a ɗan lambunmu, su ne raga. Safar hannu ta wanke-wanke, ruwan ɗorawa, ita ce safar gola. Maƙwabciya tana leƙe ta labule, ta leƙa, in ta gaji ta rufe. Kowace safiya bayan kunu, ka ajiye ƙwallo, ka fara ja da baya, in ce taku ɗaya, Murdo. Ka dawo. Ka sake ja da baya. Taku ɗaya, Murdo. Har bakina ya riƙa faɗa ba da sanina ba, ran nan a layin kanti na faɗa wa wata baiwar Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na tasa busasshen itace a gaba, da dusar ƙanƙara a gashin ido…

Da kana cikin hayyacinka da ka yi mini dariya. Kai ne fa. Kai ne shekara arba'in kana yi wa talabijin tsawa — fenariti ba a koyon ta, caca ce! Kai da Dougal a teburin nan na kusa da murhu a mashaya, shi yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kai kana cewa a buga dubu a filin da ba kowa, ranar da mutane suka zuba maka ido ƙafar ba taka ba ce. Ka ce ana koya wa ƙafa, amma wa zai koya wa zuciya ta daina dukan ƙirji? Ni ina gefe da lemona, ina jiran ku gama mu tafi gida. Ba ku taɓa gamawa ba. Yanzu ga shi musun ya faɗo kaina, kuma na koma ɓangaren Dougal dole. Dole ya zama shi ne mai gaskiya. In kai ne mai gaskiya, mun shiga uku.

Nasu ya zubar! Sama, can kan motoci… Namu kuma — haba, haba, hannun gola. Tsofaffin banza. Ko ɗaya ba zai gama mana wannan abu ba?

Na ƙarshe Dougal ya sa ka, na san dalili. Yana fatan a gama kafin a iso kanka, a ɗauki kofi ko a rasa, ka tafi gida ba ka karya komai ba. Ni ma abin da nake roƙo ke nan, Allah na tuba. Hunturu guda ina koya maka, yanzu kuma ina addu'a kar a ba ka.

Gudunka na da nake tsoro. Wannan ja da bayan naka, har kusan tsakiyar fili, sannan ka taho kamar wanda bas za ta tafi ta bari. Shi ke cikin ƙashinka. Sunan titinmu ya fita, yadda ake ɗaure igiyar takalmi ya fita, sunana ma wasu ranakun… ran nan ka dube ni a kicin, cikin ladabi, ka ce baiwar Allah, ko kin ga Effie? Na ce ta je kanti, yanzu za ta dawo. Na shiga ɗaki na ɗan zauna, na fito, ka ce kin daɗe. Duk wannan ya fita, amma gudun yana nan. Hunturu ɗaya zai kayar da shekara hamsin?

Filin bayan masana'antar kifi, ina da shekara sha tara, ni da ƙawata a bayan raga da soyayyen dankali a takarda. Ban ma san an ba da fenariti ba. Wani dogo mai kunnuwa ya taho a guje, sai ji na yi ƙwallo ta daki hannuna, fau! — dankali a sama, dankali a gashina, gishiri a ido. Ka zubar, an fitar da ku daga kofi, mutane na zagin ka, kai kuwa ka zagayo kana tsince mini dankali daga laka kamar zai ciwu. Shekara da shekaru kana gaya wa kowa wai ni ka auna. A bikinmu ka faɗa. A bikin Morag ka faɗa. Maƙaryaci. Wanda ya zubar da fenariti ai ba ya rasa labari.

Na biyar… nasu ta shiga. Dougal ne yanzu. Yi a hankali, tsoho… ta shiga. Kunnen doki har yanzu. Na shidansu yana tafe, mai gemu, ya ajiye, ya taka — turke! Ta daki turke ta dawo!

To. To shi ke nan. Ba wanda ya rage sai kai.

Dougal yana yi maka magana a kunne, yana nuna maka ɗigon fenariti. Ka gyaɗa kai. Kullum kana gyaɗa kai, ko me aka ce. Kana tafiya… dubi tafiyar, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa, ƙwallo a ƙirji kamar jariri. Wannan tafiyar ce ka ce ba a koyon ta. Na koya maka ita ma, daga ƙofar kicin zuwa gindin tuffa, ka tuna? A'a. Ba sai ka tuna ba. Ƙafarka ta tuna, shi kaɗai nake so.

Ka ajiye. Ka juya ta, ka gyara. Yauwa. Yanzu tsaya nan. Tsaya nan, Murdo. Kar ka…

Kana ja da baya.

Ɗaya, biyu… wayyo, kana ta ja. Alƙali ya sauke usur daga baki yana kallon Dougal, Dougal yana kallon takalminsa. Tagogi masu kallon teku. Me za ka yi da teku ta taga, kai da ka yi rabin rayuwarka a kanta? Ashe kai ne mai gaskiya, tsohon nan, ko a wannan ma sai ka ci musu. Caca ce. Duk sanyin da na sha…

Ka tsaya.

Me kake nema? Kana kallon raga, kana kallon golan nan nasu mai tumbi, ka karkata kai. Ba ka san shi ba. Ka waiga hagu, ka waiga dama — irin waigen da kake yi a kanti in na ɓace maka a bayan kanta. Ni kake nema? A tsakanin turaku ni ka saba gani. Na koya maka taku, na koya maka tafiya, ban taɓa koya maka bugawa ba ni a wurin ba. Ya aka yi ban yi tunanin wannan ba?

Safar wanke-wanken tana aljihu. Ba ka yarda ka shiga mota sai ka gan ta, shi ya sa nake yawo da ita kamar mahaukaciya. Matsa mini, bawan Allah, matsa. Gwiwa, ki yi haƙuri, yau ɗaya. Ba a gudu a filin nan, to ni ba 'yar wasa ba ce, su busa mini usur in sun ga dama… laka, shinge, bayan raga. Ina zan tsaya? Tsakiya, inda na saba? Bayan mai tumbi?

Dakata.

Duk hunturun nan, nawa ka ci ni? Ina ta yi wa Morag alfahari, wai babanki ƙafarsa ta mutu, duk wadda ya bugo sai na cafe. Ni da ko ƙwai aka jefo mini sai ya fashe. Ɗazu-ɗazun nan kuwa, ana cikin wasa, ka ɗirka wata da ta sa shingen nan kuka, har tsuntsayen teku suka watse. Ƙafar tana nan da ranta. To me ya sa a lambu… a hankali, kullum a hankali, kullum daidai tafin hannuna? In na matsa hagu ta zo hagu. In na tsaya ta zo inda nake tsaye. Ni ina zaton ina koya maka ci, ashe kai miƙo mini kake yi.

Murdo. Dankalin nan…

To ba tsakiya ba. Can kusurwa, ƙasa, gindin turke, nesa da mai tumbi. Durƙusa, Effie. Wash. Laka ta shiga safar ƙafata, alƙali yana hararata, amma bai kore ni ba — yana da uwa shi ma. Hannu biyu a buɗe, ruwan ɗorawa, ka gani? Ga ni. Ga ni nan.

"Taku ɗaya, Murdo."

Ka gan ni. Fuskar nan ta buɗe, kunnuwan ma kamar sun motsa. Kana dawowa wajen ƙwallo, a hankali, kana dawowa… ka tsaya. Taku ɗaya tsakaninku. Daidai.

"Riƙe dankalinki da kyau, yarinya."

Suna dariya, ba su san komai ba. Wace shekara kake ciki yanzu? Wa kake gani a nan, tsohuwa a laka ko mai gishiri a ido? Ba komai, duk ni ce. Wa ya ci musun kuma, kai ko Dougal? Koyo ne ya dawo da kai gun ƙwallon nan, ko… ban sani ba, na gaji, ku ƙarasa musunku ku biyu.

Usur.

Ka taka. Ɗaya. Ɗaya tak, kowa ya gani, Dougal ka gani? Tana tahowa, a ƙasa, a hankali, kamar kullum, tana juyi cikin ruwa, mai tumbi ya fara karkatowa — zai kai? Ba zai kai ba? Na kasa sauke hannuwana. Ni ka auna. Kuma ko ta wuce shi ba za ta iso ni ba, akwai raga tsakaninmu, sai yanzu na lura… amma bugo, tsohona, ina nan, hannuna a buɗe…