Hancin Yaya Asterios

Mu biyu muka gaji gidan cin abincin mahaifinmu a garin Veria. Ni Fotini ina kicin, yayana Asterios yana kula da baƙi da ɗakin ƙasa inda muke ajiye giya. Shekara ashirin da shida muna haka, ban taɓa sa masa baki a harkar kwalabensa ba. Duk watan Maris, idan masu gonakin inabi na Naoussa suka fito da sabuwar jar giyarsu, shi kaɗai yake hawa dutse da mota, ya bi su gida gida yana ɗanɗanawa, ya ware wadda za a sha bana da wadda za a kwantar shekara takwas ko goma. Inabin wajenmu yana da taurin kai. Giyarsa tana sabuwa ba komai a cikinta sai bauri da tsami, ta kama maka dasashi kamar ka tauna ɗanyen rumman. Wata takan yi laushi a kwalba ta zama abin kirki, wata kuma ta mutu a ciki. Gane wannan bambanci tun da wuri shi ne sana'ar Yaya, har daga birnin Thessaloniki ake bugo waya a ji abin da ya saya don a sayi irinsa.

A watan Janairun wata shekara ya yi zazzaɓi na mako biyu. Da ya tashi sai ya fara zuba gishiri a duk abin da na dafa. Wata rana kuma wake ya kama a tukunya, ƙauri ya cika gidan har titi, shi yana zaune kusa da ƙofar kicin yana karanta jarida bai ko ɗaga kai ba. Na gani, na ajiye abin a raina.

Da Maris ya zo ya ce in tuƙa shi. Wai idonsa ne ba ya son kwanar dutse.

Mun fara da gidan Zisis, mai gona a ƙasan tudu. Muka tarar da masu saye huɗu a tsaye tsakanin gangunan katako, har da Periklis, mai wani babban gidan abinci a Thessaloniki, wanda ya daɗe yana kwaikwayon zaɓin Yaya yana kuma jin haushinsa.

"Ga mai hanci ya iso," in ji Periklis. "Har da mai gadi ka zo bana? Fotini, wa kika bar wa tukwanen?"

"Na bar su su huta da ganin irinku," na ce.

Zisis ya buɗe kwalba, ya zuba wa Yaya tukuna kamar yadda aka saba, sannan ya bi saura. Ni ma ya ɗiga mini don kara. Ban kai kofin baki ba warin ya doke ni: jiƙaƙƙen kwali da ya kwana a ɗakin da ba iska. Toshiyar kwalbar ce ta lalace ta ɓata giyar. Yakan faru, ba laifin kowa ba ne, ko mai wanke kwanuka ta san warin. Na ɗaga ido zan yi magana, amma Yaya ya riga ni. Ya kaɗa kofin, ya tura hancinsa ciki, ya lumshe ido.

"Busasshen tumatir," ya ce. "Da zaitun. Zisis, bana ka yi ƙoƙari."

Zisis ya shinshini nasa kofin, kunnuwansa suka yi ja. Ya fara karɓar kofunan da sauri yana cewa kwalbar ta yi sanyi da yawa, bari ya kawo wata. Periklis kuwa bai bari ta wuce ba.

"Tumatir ɗin a kwali aka kawo shi ke nan, Asterios? Kwalin ma ruwa ya taɓa shi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Yaya ya ajiye kofin a kan ganga a hankali, ya ce wa Zisis zai kira shi, muka fito.

A mota na kunna inji ban ja ba.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Ja mota."

"Ranar da wake ya ƙone kana zaune a bakin ƙofa."

"Ke me kika sani ban da albasa? Na ce ki ja mota!"

Na ja. Sai da muka wuce gonakin itatuwan marmarin da ake kira fic, waɗanda suka yi fure har ido ba ya kai ƙarshensu, sannan ya yi magana, fuskarsa na wajen taga. Ya ce tun zazzaɓin nan hancinsa ba ya jin komai. Gahawa ruwan zafi ne mai ɗaci. Ya je wurin likita a ɓoye sau biyu, aka ce masa wasu yakan dawo musu, wasu ba ya dawowa. Kullum da safe yakan sauka ɗakin ƙasa ya buɗe tsohuwar kwalba ya gwada, ya zubar da ita a magudana don kar in gani.

"Kwalba nawa ka zubar?"

"Kar ki tambaye ni."

Na ce mu koma gida. Ya ce a'a, Gwaggo Argiro tana jiranmu, bai taɓa saɓa mata rana ba.

Gwaggo Argiro ba danginmu ba ce, ƙawar mahaifiyarmu ce. Shekarunta saba'in da takwas a lokacin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gonar da ta fi kowace tsayi a kan dutsen. Rabin darajar ɗakin ƙasarmu giyarta ce. Muka same ta a tsakar gida da baƙar riga da takalmin roba, tana korar kaji daga bakin ƙofa.

"Zisis ya bugo," ta ce tun kafin mu gaisa. "Ba sai ka yi mini wasan kwaikwayo ba. Ni ma gwiwata ta tafi, ban mutu ba. Ku shigo."

Ta ajiye burodi da cuku a tebur, ta kawo kwalba biyu marasa takarda. Ɗaya daga gefen gonar da ke kallon rana, ɗaya daga can sama kusa da itatuwan daji, inda inabi ke nuna a makare. Ta zuba, ta tura mini kofi biyu.

"Harshensa yana aiki, ko? To ke ara masa hanci."

"Gwaggo, ni ban iya maganarsu ba."

"Wa ya ce ki yi maganarsu? Faɗi abin da kika ji."

Na shinshini ta farko. Na ce tana ƙamshi kamar lokacin da nake dafa 'ya'yan itacen ceri da sukari, kafin ya yi kauri. Yaya ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar a bokiti. Ya ce tana da daɗi amma ba ta da ƙashi, shekara huɗu ta gama. Gwaggo ta gyaɗa kai, ba ta musa ba.

Ta biyun ya daɗe da ita a baki. Na ga fuskarsa ta sake, karo na farko tun Janairu. Ya ce baurinta mai laushi ne kamar gari, ba mai kaifi ba, tsaminta kuma a tsaye yake. Ya ce rabon da ya ji irin wannan tun shekarar da aka yi fari.

"Wannan sai ta binne mu duka," in ji shi. "Fotini, me take cewa?"

Na sa hanci. Akwai tumatir ɗin da ya yi ƙaryar ji a gidan Zisis, akwai ƙasa bayan ruwan sama. Amma can ƙarƙashi akwai wani abu siriri mai yaji da ya soki hancina, irin na lokacin da aka buɗe tulun khal, ruwan tsamin da ake jiƙa barkono a ciki. Na sake shinshinawa. Yana nan.

"Akwai ɗan ruwan tsami a ciki," na ce. "Kaɗan ne. Amma yana nan."

Gwaggo ta ajiye wuƙar da take yanka cuku.

"Ruwan tsami? A giyata?"

"Abin da na ji ke nan, Gwaggo."

"Ke 'yar nan, na yi giya kafin uwarki ta yaye ki. Sabuwa ce, jiya aka rufe ta, tana huci. Ki ba ta shekara ki gani. Asterios, kai ka sani."

Yaya ya san sabuwa takan yi hakan ta daina, amma ya san ɗayan ma: idan da gaske ta fara juyawa zuwa ruwan tsami, ba ta komawa, shekara goma a ɗakin ƙasa sai ta mayar da kwalba ɗari uku abin zubawa a latas. Da hancinsa na nan da numfashi ɗaya ya raba gardamar. Ya ɗauki kofin ya kai hanci, ya ja iska da ƙarfi har sau uku, kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa. Ya ajiye. Ya dube ni, ya dube ta.

"Kin tabbata?" ya tambaye ni.

Da na ce ban tabbata ba da an wuce wurin. Amma da safiyar nan aka ce ban san komai ba sai albasa, kuma abin yana raina. Na ce na tabbata.

"Gwaggo," ya ce, "za mu ɗauki ta farkon. Ta saman ki bar mu bana."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar da toshiya a kwalaben biyu, ta buga su da tafin hannu.

"Ba na raba 'ya'yana," ta ce. "Wanda bai yarda da babbar ba, ba zai ɗauki ƙaramar ba. Ku gaida gida."

Cikin mako guda Periklis ya kwashe giyar saman gaba ɗaya. Labarin hancin Yaya ya zaga duk gidajen giya, wayar da ake bugo masa ta ɗauke. Ya aika wa Gwaggo burodin bikin Ista da jan ƙwai kamar kowace shekara, aka dawo da kwandon yadda yake. Ni na je da kaina a watan Agusta, 'yarta Vaia ta ce mini tana barci, alhali ina jin muryarta tana faɗa da kaji a bayan gida.

Shekarun da suka biyo tare muke hawa dutsen. Ni in shinshina in faɗa, shi ya ɗanɗana ya yanke. Mun saya daga Zisis da wasu mutum biyu. Wasu zaɓin sun yi kyau, ɗaya ya ba mu kunya. Hancinsa bai dawo ba, sai dai wani lokaci yakan ce yana jin warin hayaƙi inda babu wuta. Ya rame, ya rage fita wajen baƙi. Maganar Gwaggo kuwa bai taɓa tayar mini da ita ba ko sau ɗaya, ni ma ban tayar ba. Idan muka zo mararrabar da ke hawa gidanta sai kowa ya kalli gabansa.

A shekara ta biyar Gwaggo ta rasu, cikin sanyi. Ba mu samu labari ba sai bayan an binne ta, amma Vaia ta aiko mana mu zo addu'ar kwana arba'in. Bayan coci aka raba dafaffen alkama da rumman, aka koma gida aka zauna cin miyar kifi. Vaia ta fito da kwalabe shida ta ce uwarta ta ɓoye su ne daga giyar saman ta waccan shekarar, ta bar wasiyya a sha su a ranar nan. Periklis yana can ƙarshen tebur, ya ɗaga kofinsa yana ba mutane labarin yadda ya gane ta tun tana sabuwa.

Aka zuba mana. Na ɗauki kofina. Na nemi abin nan siriri mai yaji, na nema sosai, har ina fatan in same shi. Babu. Sai busasshen ɓaure da ganyen daji da wani ƙamshi mai zurfi da ban san sunansa ba. Ban taɓa shinshinar abin da ya kai ta ba.

Yaya ya matso da kansa kusa da ni.

"Yaya take?"

Zan iya cewa ta ɗan juya. Ba shi da hanyar ganewa, kuma da mun koma gida da sauƙin zuciya mu biyun.

"Ba ruwan tsami, Yaya," na ce. "Ko ɗigo. Gwaggo ce ke da gaskiya."

Ya kurɓa. Wannan karon bai tofar ba, ya haɗiye.

"Baurin ya kwanta yadda na zata," ya ce. "Tana da sauran shekara goma a gaba."

"Ni na jawo."

"Ke kin faɗi abin da kika ji. Ni na yanke."

Ya miƙe, ya zagaya teburin ya je wurin Vaia. Na ji yana tambayarta wa zai yi wa inabin saman aski bana, ya rage masa rassa, don lokaci ya kusa wucewa. Ta ce ba ta sani ba, mijinta yana so su sayar da gonar su koma birni, akwai mai son gina masauki a wurin. Yaya ya ajiye kofin. Ya roƙe ta ta bar shi ya hau ya ga gonar. Ta ba shi takalmin roba, ya fita cikin yayyafi shi kaɗai, ni kuma na shiga kicin na taya matan wanke kwanuka har ya sauko.