Ƙasar da Alhaji Ya Wanke

Shekara ashirin da biyu Falalu mai lambu yana tara busasshen ganye a gindin mangwaron wani gida a Nasarawa GRA, unguwar manya a Kano. Da hannunsa ya dasa shi, tun zamanin maigidan farko, kuma yana ji da shi kamar ɗan fari. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mai ƙanshi, duk inda ka kafa fartanya sai ka tono tana.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Alhaji Badaruddeen ɗan majalisa ya sayi gidan. Mutum ne da ya tsayar da gemu ranar da ya gano gemu na kawo ƙuri'a.

Wata rana 'yarsa Salwa, mai karatun kimiyya a jami'a, ta ɗebi ƙasar a hannu ta ce, "Abba, ka san ƙananan halittun da ke cikin wannan sun fi mutanen Kano yawa? Su ke ruɓar da ganye su ciyar da saiwa."

Alhaji rabin magana yake ji, kamar yadda ya saba a majalisa. "Ƙwayoyin cuta a gidana? Inda manyan baƙi ke alwala?" Nan take ya ce a ƙone ganyen, a kwashe baƙar ƙasar, a zuba farin yashi, kuma duk Juma'a a kwarara maganin wanke bayi.

Falalu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai ba ƙazanta ba ce, tuwon bishiyar ne."

"Tsafta cikon addini ce, Malam Falalu. Kai da ko firamare ba ka yi ba za ka koya mini?"

Salwa ta yi bayani har ta gaji, ta koma makaranta. Falalu ya ci gaba da kwarara magani, zuciyarsa na ƙuna.

Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Kafin damina ta uku mangwaro ya daina fure, ganye ya yi ja ya kaɗe, tsuntsaye suka ƙaura. Ruwan sama sai ya kwanta a tsakar gida, ƙasa ta ƙi sha. Alhaji mai basira ya gano dalili nan da nan: 'yan adawa ne suka binne masa asiri. Ya sa aka haƙa gindin har ƙugu. Ba a samu laya ba, ba a samu tana ba, ko tururuwa ɗaya babu.

Falalu ya ɗebi ƙasar ramin ya sansana. Warin asibiti kawai take yi.

"Ranka ya daɗe, ƙasar ce ta mutu."

"Ƙasa tana mutuwa ne? Ka ji ƙauyanci! Tsufa ya kama ka, ka kasa ban ruwa." Ya sa direba ya miƙa masa gatari. "Sare shi kafin baƙi su zo. Kuma ka share wurin tas."

Falalu ya karɓa. Ya daɗe yana shafa bawon bishiyar, hawaye na bin gemunsa, sannan ya yi bismilla ya ɗaga gatarin.