Farin Fenti a Ɗaki na Tara

"Tikiti biyu," in ji matar da ke bayan tagar, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Baba Magini ya yi dariya a kan keken guragu har tari ya sarƙe shi. "Ka ji, Tela? Wancan karon kyauta suka shigo da ni, har da rakiya."

Na biya, na tura shi muka shiga. Shekara ashirin shagona na jikin gidansa, a layin da tsohon gidan yarin ya tokare, ban taɓa jin ya ce yana son leƙawa ba. Sai da aka kwashe fursunoni aka mai da wurin gidan tarihi, likita kuma ya ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a. Ran nan 'yarsa ta same ni a kan keken ɗinki. "Baba ya ce ka kai shi. Na yi maganar duniya, ya ƙi ji."

Abin da na sani kaɗan ne. Yana saurayi aka kama shi da ƙanensa a yajin aikin 'yan dakon tashar jirgin ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ya yi, bai taɓa ganin alƙali ba. A ciki ya koyi gini. Shi kaɗai ya fito.

Muka bi bayan wasu baƙi da wani mai kwat ke zagayawa da su. "Ku dubi kaurin bangon nan," yake cewa. "Dutse ne zalla. Ku dubi yadda aka lanƙwasa rufin, babu ginshiƙi ko ɗaya. Tagogin can sama kuwa don iska aka yi su. Ko da tsakar rana ɗakunan nan sanyi ƙalau."

"Mu arba'in ne a ɗaki," in ji Baba. "Wanda ya suma shi ake ɗagawa ya shaƙi iskar taka."

Baƙin suka waiwayo. Mai kwat ya yi murmushi. "Baba, a bari in gama, akwai lokacin tambayoyi."

"Ba tambaya na yi ba, ɗana."

Ya nuna mini hanya da haɓa har ɗaki na tara. An shafe shi da farin fenti, warinsa bai ma gama fita ba. An ajiye sabon bokiti a lungu, an kunna fitila.

"Matsar da ni ƙarƙashin tagar."

Ya ɗora tafin hannu a bango yana shafawa, sama da ƙasa, kamar mai neman jijiya. "Nan na rubuta sunan ƙanena da ƙusa. Tari ya kashe shi a shekara ta uku. Ba su ba da gawa ba, ba su nuna kabari ba. Nan ɗin ne kawai." Bangon sumul, an yaɓe shi da siminti kafin fentin. Ya fara kankara da farce.

"Kai, tsoho!" Mai gadi ne ya taho da sauri. "Ba a taɓa bango. Kayan tarihi ne!"

Na buɗe baki zan zazzaga masa, Baba ya riƙe mini hannu. "Ƙyale shi. Aikinsa yake yi. Na wancan lokacin ma haka suke cewa."

Na tare mai kwat na tambaye shi ina rubuce-rubucen da ke bangon. Ya ce ai duk sun ɓata wurin, baƙi ba za su so gani ba. "Amma ƙofofin na asali ne," ya ce, "har da sakatunsu."

A gida 'yarsa ta tarye mu a bakin ƙofa. "Baba, ka gani?"

"Sun gyara wuri," ya ce. Daga ranar ko ruwa sai da lallashi.

Kwana uku bayan haka na shiga duba shi. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce, "In na tafi, shi ke nan, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba."

"To ba ni labarinsa, Baba."

"Me zan ce maka? Yana da wushirya. Bai iya fito da baki ba, amma kullum sai ya gwada, mu yi ta yi masa dariya. Fuskar ma ta fara ɓace mini."

Washegari da hantsi ina tsakiyar ɗinki na ji kukan 'yarsa. Mu goma sha biyu muka kai shi. Da muka wuce ƙofar gidan tarihin da makara, layin masu sayen tikiti ya ninka mu uku. Wasu suka matsa suka ba mu hanya, wani ya ɗaga waya ya ɗauke mu hoto.

Bayan kwana biyu 'yarsa ta fito da katifarsa ta shanya a ƙofar gida. Da la'asar inuwar hasumiyar masu gadin gidan yarin ta miƙo ta rufe ta. 'Yarsa ta fito ta kama gefe guda, ta ja ta zuwa inda sauran rana take.