Sitiyarin Harlan Tackett

Motar ta cinye kwatan mil cikin daƙiƙa tara, amma da ta isa ƙarshen fili, inda ake rage gudu a karya kwana a dawo, sai ta ƙi juyawa. Harlan Tackett ya kifa ƙirjinsa a kan sitiyari yana murɗawa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Duk da haka tayar gaba ta hau ciyawa, ta kwashe gangar shara, ta watsar da gwangwanaye a gaban 'yan kallon da ke jikin shinge. Wani ya yi fito, wasu suka tafa.

Shekararsa sittin da uku, kuma tun yana saurayi yake tseren mota a wannan fili na gabashin Kentucky, bai taɓa goge ko ganye ba. Yana isa rumfarsu ya cire hular kwano ya jefar, ya nufi Virgil Combs, ƙanin matarsa, wanda shi ke gyara masa mota shekara ashirin da shida.

"Me ka yi wa ƙafafun gaban nan? Kashe ni kake son yi?"

Virgil ya ce bai taɓa su ba tun watan jiya. Harlan bai saurara ba. Ya ce masa ya tsufa, idonsa ya mutu, gara ya koma gyaran injin yankan ciyawa. Ya faɗa da ƙarfi, har masu gasa masara a rumfar maƙwabta suka juyo. Virgil ya goge hannu da tsumma, ya jawo jak.

Saura awa biyu a kira zagaye na gaba. Virgil ya fara da iskar tayoyin nan sirara na gaba, ya samu tana daidai. Ya ɗaga motar, ya kwanta a kan kwali cikin zafin watan Yuli, ya bi sandar sitiyari gaɓa-gaɓa, ko zafin salansa ya busar da giris ɗin wata. Ya girgiza tayoyi, ya auna kwanciyar ƙafafun, don a motar tsere akan kwantar da su baya kaɗan ta riƙe layi in ta ɗauki wuta, in kuma aka zarce sai sitiyari ya yi nauyi a tafiyar hankali. Awon bai gusa ba. Harlan na tsaye a kansa yana ƙirga masa abubuwan da wai ya manta.

Daga ƙarshe Virgil ya sauke motar, ya shiga, ya tayar. Kofin shayi mai ƙanƙara na hannunsa na dama. Da hagu kaɗai ya juya sitiyarin, ya fita daga rumfar, ya zagaya tirela ya dawo. Ko ɗigon shayi bai zuba ba.

Harlan ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Mako biyu ke nan hannunsa na hagu yana masa wani iri, kamar ya kwana a kai. Ranar Talata cokali ya suɓuce masa a tebur, ya ce wa matarsa maiƙo ne. Ya daina ɗaura agogo don maɓallin ya gagare shi. Duk wannan ya sani sarai lokacin da yake zazzaga wa Virgil masifa a gaban jama'a.

Virgil ya kashe injin. Ya daɗe a zaune yana kallon hannun Harlan, wanda ya cusa a aljihu. Kafin ɗayansu ya yi magana sai ga Buford, mai rumfar maƙwabta, ya leƙo da masara a hannu yana tambaya ko an gano ciwon.

"An gano," in ji Virgil. "Wata gaɓa ce ta bushe. Laifina ne, na manta ban sa mata giris ba."

Buford ya yi dariya, ya ce ashe dai tsohon yana da gaskiya, ya wuce yana baza labari. Harlan ya so ƙasa ta buɗe. Da Virgil ya rama zagin, da ya fi masa sauƙi.

"Me ya sa ka faɗi haka?" Harlan ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe, Yaya?"

Rabon da Virgil ya kira shi Yaya tun ranar ɗaurin auren yayarsa. Harlan ya ce mako biyu. Virgil ya ce zai iya miƙar da ƙafafun kaɗan, sitiyari ya yi laushi, ba wanda zai gane. Amma in ta kai gudun mil ɗari da hamsin a awa za ta riƙa rawa, kuma a layin da ke gefensa akwai ɗan wani da suke tsere tare.

"Motarka ce," ya ce. "Ni dai ba da sifanata ba."

Harlan ya zauna a bakin tirela. Lasifika na kiran 'yan ajinsu su fara jeruwa. Ya zaro hannun daga aljihu, ya gwada dunƙule shi. Yatsu biyu suka tsaya a hanya. Ya so ya ce wa Virgil ya yi haƙuri, kalmar ta maƙale. Abin da ya fito shi ne, kada Virgil ya gaya wa yayarsa, shi zai gaya wa matarsa da bakinsa. Virgil ya ce ya ba shi wa'adi zuwa cin abincin yamma.

Harlan ya miƙe ya nufi ɗakin rajista. Hanyar ta bi ta gaban dukan rumfuna, mutane na ɗaga masa hannu, wani ma ya ce ya kamata ya canza bakanike. Matar da ke riƙe da jerin sunaye ta san shi tun ba ta yi aure ba. Da ya ce ta soke sunansa, ta ɗago da mamaki, ta jawo takarda.

"Dalili? In rubuta matsalar sitiyari, ko? Na ji Virgil ya yi sakaci."

Harlan ya dubi layin mutanen da ke bayansa. Duk sun kasa kunne.

"A'a," ya ce. "Motar lafiyarta ƙalau. Rubuta direba."