Yayen Salim a Hannun Babansa

Da Salim ya cika shekara ɗaya da wata goma, mahaifiyarsa Najiba ta ce lokacin yaye ya yi. Tun tuni an shirya yadda za a yi. Za a ɗauke shi daga Faskari a kai shi Damari wurin kakarsa Hajiya Mero, mahaifiyar babansa Badamasi, ya yi mako biyu ya manta da nono, sannan a dawo da shi. Haka aka yi wa duk jikokinta. Sai dai ana saura kwana uku a tafi, Asma'u ƙanwar Badamasi ta haihu a Ƙanƙara, kuma tagwaye ne. Hajiya ta ɗaure kayanta ta tafi zaman jego, ta bugo waya ta ce a jira ta sai an yi arba'in.

"Arba'in fa ta ce, Abban Salim," in ji Najiba. "Yaron nan haƙoransa sun cika baki. Sai ya cije ni, sannan ya ɗago kai yana min dariya."

Badamasi kafinta ne, rumfarsa tana kusa da tasha. Yana zaune a tsakar gida yana shan koko, yana kallon Salim da ke bin wata kaza da ludayi a hannu. Ya ajiye kwanon ya ce, "To, ni zan yaye shi."

Najiba ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta ga bai yi dariya ba, ta tsaya ta dube shi.

"Me Hajiya take yi in an kai mata yaro?" ya tambaye ta. "Ai raba shi take da ganinki, ta cika masa ciki, ta ɗauke masa hankali. Ni ma zan iya. In fita da shi da safe, kada mu dawo sai yamma."

"Kashi fa? Kuka fa?"

"Wanda ya iya haɗa ƙyauren ƙofa zai iya wanke yaro."

"Allah Ya ba da sa'a," ta ce, tana ta danne dariya.

Washegari ta dama kunun gyaɗa ta zuba a flas, ta sa wando uku da buta a jaka. Badamasi ya ɗora Salim a gaban babur, ya ga ba zai zauna ba, sai ya karɓi majanyin Najiba ya ɗaure shi a jikinsa. Suna fitowa ƙofar gida suka yi kiciɓis da maƙwabcinsu Baba Almu, dattijon da ke zama a kan dakali tun hantsi da rediyonsa.

"Badamasi, ina zuwa da majanyi kamar mai zuwa biki?"

"Baba, yaye za mu yi."

Baba Almu ya rage muryar rediyo. "Namiji da yaye? Kuma ɗan fari? Mu a lokacinmu ko sunan ɗan fari ba mu iya faɗi. Ubanka, Allah Shi gafarta mashi, sai da yayanka ya shekara bakwai aka ga ya riƙa mashi hannu."

"Amin, Baba. A yi mana addu'a."

Ranar farko ba ta yi daɗi ba. A rumfa Salim ya ƙi kunu, ya ƙi ƙosai, ya ƙi ɗan guntun katakon da aka goge masa don wasa. Ya tsaya a tsakiyar rumfa yana kiran "nono, nono" har masu jiran mota suna leƙowa. Badamasi ya rasa dabara, sai ya hango wata Bafillatana ta sauke ƙwarya a gindin dalbejiya. Ya ɗauke shi da sauri ya ce, "Ga nono can, zo mu je."

Salim ya daina kuka, ya share hawaye. Da matar ta buɗe faifai ya leƙa cikin ƙwarya, ya dubi nonon, ya dubi babansa, ya gane an yaudare shi. Kukan da ya ɓarke da shi ya fi na farko. Matar ta yi dariya ta ce, "Yaye ne? Kada ka ba shi da ludayi. Kai ka sha, ka yi kamar ba ka so ya gani."

Badamasi ya juya baya yana shan fura yana lumshe ido. Ba a jima ba ya ji ɗan hannu yana jan rigarsa. Salim ya sha ludayi huɗu, ya zubar da na biyar a wandon babansa, ya kwanta a ƙirjinsa ya yi barci yana ajiyar zuciya. Ranar Badamasi bai buga ko ƙusa ɗaya ba.

Da suka dawo gida Najiba ta ɓuya a ɗakin girki har aka ba Salim tuwo ya ci. Sai da cikinsa ya cika ta fito ta goya shi. Kwana biyun farko ba wanda ya yi barcin kirki a gidan.

A rana ta biyu Badamasi ya gane rumfa ba wurin yaro ba ce, ga zarto ga ƙusoshi. Ya rufe ta ya nufi gonarsa da ke bayan gari, inda ake sussukar masara. Ya zaunar da Salim a kan tarin hatsi, yaron ya nutsa ƙafafunsa ciki yana ɗiba yana watsawa sama. Can wani jaki da aka ɗaure ya buɗe baki ya yi kuka. Salim ya zabura ya ruga ya ƙanƙame ƙafar babansa. Da jakin ya yi shiru, ya leƙo a hankali ya ce, "Kuma."

"Ya ce ka ƙara," Badamasi ya gaya wa jakin. Jakin ya ci gaba da cin ƙaiƙayi. Dole Badamasi ya yi kukan da kansa, ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu, har masu sussuka suka ajiye aiki suna dariya. Ranar Salim ya shanye kunun flas duka.

Daga nan fita ta zama musu jiki. Salim na tashi zai jawo takalmin babansa, ya jawo majanyi, ya tsaya a bakin zaure yana cewa "fiii", wato babur. Ranar kasuwa suka shiga kara, inda ake sayar da dabbobi. Badamasi ya saɓa shi a wuya suna zagaya shanu, Salim yana nuna kowace dabba yana kiranta "mee", har wani bijimi mai ƙaho kamar rassan itace. Wani makiyayi ya kama masa ɗan maraƙi ya shafa, maraƙin ya lashe masa hannu, Salim ya tsaya yana kallon hannun ya rasa ko kuka zai yi ko dariya. Wata rana kuma suka je bakin rafi inda masu lambu ke ban ruwa, ya jiƙe sharkaf, aka shanya wandonsa a kan kara suka zauna suna cin dankali har ya bushe.

Badamasi ya koyi abubuwan da bai taɓa lura da su ba. Ya gane in Salim ya fara jan kunnensa barci yake ji. In ya ɓuya bayan wani abu ya yi tsit, to a nemo buta. Ya kuma gane tafiyar da yake yi cikin minti biyar, da Salim sai ta kai rabin sa'a, don sai an tsaya an gaida kowace tururuwa.

A rana ta biyar suka dawo da la'asar. Najiba ba ta ɓuya ba, ta tsaya a tsakar gida ta buɗe hannu. Salim ya zo ya taɓa ta, ya nuna mata wata totuwar masara da ya riƙo tun daga gona, sannan ya juya ya koma ya haye cinyar babansa. Najiba ta koma ɗakin girki. Badamasi ya bi ta ya tarar tana goge ido da bakin zane.

"Hayaƙi ne," ta ce.

"Ai ba ki hura wutar ba."

Ta yi murmushi da hawayen. "Ni na ce a yaye shi, na sani. Amma ko nemana bai yi ba."

"A gona sau uku yana kiran Umma. Totuwar nan ma ya hana ni taɓawa, ke ya kawo wa."

"Da gaske?"

"Je ki karɓi kayanki."

Ta fita ta karɓi totuwar da hannu biyu tana godiya kamar an ba ta turmin atamfa. Salim ya ji daɗi, ya zauna a gabanta ya buɗe baki ta ba shi shinkafa da wake.

A rana ta takwas ce aka yi abin da unguwa ta daɗe tana labari. Sun dawo daga yawo ana kiran la'asar, Badamasi ya tsaya a masallacin unguwa. Ya zaunar da Salim a bayan sahu kusa da ƙofa, ya ba shi ƙosai biyu, ya ce ya zauna. Salim ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Aka ta da salla.

Da aka yi sallama mutane suka fito, babu takalmi ko ɗaya a inda aka bar shi. Salim ya kwashe su duka, ɗaya bayan ɗaya, ya tara a gindin bango kamar tulin masara, ya zauna a kai yana cin ƙosansa. Dattawa suka tsaya ba takalmi suna kallonsa. Liman ne ya fara dariya, sauran suka kama. Aka shiga tona tuli, wannan ya ce ga nawa, wancan ya ce a'a naka mai tsinkakken hanci ne. Kowa ya samu nasa ban da Baba Almu, wanda ya tsaya da silifa a ƙafa ɗaya.

Badamasi ya durƙusa gaban ɗansa, kunya ta rufe shi. "Salim, ina takalmin Baba?"

Salim ya sauko, ya kama yatsan Baba Almu, ya ja shi har bakin duron ruwan alwala ya nuna ciki. Ga silifar tana yawo a saman ruwa.

"Wanka," in ji Salim.

"Baba, a yi haƙuri," Badamasi ya ce. "Laifina ne."

Baba Almu ya ciro silifar ya juya ta. "Wane haƙuri? Shekara biyu ba a wanke ta ba." Ya dubi yaron da har yanzu ke riƙe da yatsansa, ya daɗe yana kallonsa. "Gobe in za ku fita ku biyo ta wurina. Shina son dabino?"

Tun daga ranar, ba su wuce dakalin sai sun tsaya. Baba Almu yana cire ƙwallon dabino da kansa kafin ya miƙa masa.

Kafin mako biyu Salim ya daina ambaton nono. Badamasi ya koma aiki, don akwai benci shida na wata makarantar Islamiyya da ke jiransa, amma bai bar fitar ba. Kullum bayan la'asar sai sun zaga, ranar Asabar kuma tun safe. Wani lokaci Najiba takan sa hijabi ta bi su bakin rafi, ta dawo da alayyafo da tumatir.

Da aka yi arba'in, Hajiya Mero ta sauka a Faskari a kan hanyarta ta komawa gida. Tana shiga ta ce, "Ina maigidan nawa? A haɗa mashi kaya, gobe mu wuce."

"Hajiya, ai an yaye shi," in ji Najiba.

"Wa ya yaye shi?"

Najiba ta nuna Badamasi da ido. Hajiya ta jawo Salim ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta latsa kumatunsa, ta duba cikinsa. Ta nemi abin da za ta kushe ba ta samu ba.

"Ikon Allah," ta ce. "To ai ko an yaye shi sai ya bi ni. Ba a hana mace mijinta. Mako guda zai yi."

Aka tafi da Salim ranar Lahadi. Najiba ta ɗan yi kewa, ta kama wanki da kitso ta warware. Badamasi kuwa ranar Litinin ya dawo daga rumfa tun kafin la'asar, ya zauna a tsakar gida, ya tashi ya goge babur, ya sake zama. Ranar Talata ya yanke katako ba daidai ba har sau biyu. Da safiyar Laraba ya sa hula ya ce, "Na tuna ƙofar ɗakin Hajiya tana ƙara. Bari in je in duba mata."

"Haka ne," in ji Najiba, tana miƙa masa jakar kayan aiki. "Ashe kai ne ba a yaye ba. Ka gaida min Hajiya."

Ya isa Damari da hantsi. Ya tarar da Salim a bayan rumbu ba riga, jikinsa duk ƙasa, yana bin agwagi tare da 'ya'yan maƙwabta. Badamasi ya tsaya ya kira shi. Yaron ya waigo, ya yi murmushi, ya ɗaga masa hannu, ya ci gaba da bin agwaginsa.

Ya gaida Hajiya ya ce ƙofar da ke ƙara ya zo dubawa. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta kawo ruwa. "Zauna ka huta, in ya gaji zai zo. Wace ƙofa ce ka ce tana ƙara?"

Badamasi ya sosa ƙeya. Ya tashi ya duba ƙofofin gidan duka, ya samu ɗaya da ƙusarta ta yi sanyi ya fara gyarawa. Yana buga guduma Salim ya taho da gudu, ya ɗauki wani dutse ya tsuguna kusa da shi yana buga ƙasan ƙofar. Suka gama aikin tare, sannan Hajiya ta kawo musu ɗumamen tuwo a kwano ɗaya.